Ramuka huɗu a jikin ƙofa

Juma'ar da ta wuce na ajiye aiki, na miƙa musu katin shiga ofis da laftof da makullin mota, na kwashe 'yan komatsaina a kwali na fito. Shekara tara kenan tun 2015 ina sashen lasisin gidajen riƙon yara, ni ake turawa in an kawo ƙorafi a kan gidan riƙo, na bare ne ko na dangi, a wannan jihar tamu ta Amurka da ƙanƙara ke rufe mu kusan wata biyar a shekara. Wata ƙanwata ta zaman nan, 'yar Gusau, ta gama karatu bana ta samu irin aikin a wata jiha, tace Anti dan Allah ki rubuta min abin da ya kamata in sani kafin in fara. Na zauna zan jero mata shawarwari sai naga duk wadda na ɗauko gida ɗaya take mayar da ni, wani gida mai farin fenti da na shiga a watan Fabrairun 2017. To bari in bada labarin gidan kawai, sauran in taɓa su a gurguje.

Ku da ke cikin aikin kun san yadda ake tantance ƙara a layin waya, in mai karɓar kiran yaji zargin duka ko horon yunwa ƙarara sai ta tafi wajen masu binciken cin zarafi su fita da gaggawa, in kuma yaga abin bai kai can ba sai yace maganar ƙa'idar lasisi ce, ta faɗo teburin irina da wa'adin kwana 45. Wannan ƙarar malamar makaranta ce ta kawo ta. Yaro ɗan shekara 8, tace sau uku tana kama shi yana tsintar ragowar abinci a kwandon shara, rannan kuma da ya cire takalmi sai ga guntun burodi a cikin safarsa. Mai karɓa ya rubuta a duba ko gidan na bada isasshen abinci, shikenan, layi biyu.

Gidan kuwa kowa a ofis ya san shi. Mata da miji ne, shekara 11 da lasisi, ba a taɓa samunsu da laifin komai ba, su ne in an cire yara daga hannun iyayensu ƙarfe biyun dare babu inda za a kai su za a buga musu waya su ce a kawo, har gayyatar matar ake yi tana yiwa sababbin mariƙa bita. Ni kuma lokacin shekarata biyu bata cika ba a aikin. Ranar Litinin na ɗaga waya na kira ta da ladabi nace zan zo Alhamis da yamma in ba damuwa. Da bakina na bata kwana uku ta shirya min gida.

Alhamis naje da fom ɗina. Na danna na'urar jin hayaƙi ta kowane bene tayi ƙara, na tara ma'auni a famfon banɗaki ruwan zafi bai wuce digiri 120 a ma'aunin Fahrenheit ba, magunguna a kulle a akwati, tukunyar kashe gobara da kwanan wata mai kyau, firij cike taf, sito kuwa kamar kanti. Muka hau sama ta nuna min ɗakin yaron. Gado a gyare tsaf, ƙasa fes, babu abin wasa ko ɗaya a waje, ga wani warin bilic mai ƙarfi da bai gama danne zarnin da ke ƙarƙashinsa ba. Kafin in tambaya ta riga ni, tace ai yana fitsarin kwance, abin tausayi, kullum sai ta wanke. Da zamu fito na dafa katakon gefen ƙofa ta waje, ta ɓangaren baranda, sai yatsana yaji wani ɗan gurbi. Na duba, sama da kaina kaɗan, inda hannun yaro ba zai kai ba, ramuka ne ƙanana guda huɗu, biyu a jikin ƙofar biyu a jikin katakon, an cike su da wani farin abu an goga fenti, fentin ma bai gama zama kala ɗaya da na kewayensa ba. Na gani da idona, gabana ya ɗan faɗi, na kuma san me ake ɗaurawa a irin wurin nan. Ita tana gaba tana bani labarin yadda suka sha fama da wata yarinya da suka riƙe shekarun baya, naji nauyin katse ta, sai na bi ta muka sauko.

Yaron na zaunar da shi a teburin cin abinci. Ita tace bari ta ba mu wuri, ta shiga kicin, kicin ɗin da ko ƙyaure babu tsakaninsa da mu, ina jin cokali na kaɗawa a kofi. Nace kana ƙoshi a gidan nan? Ya kalli ƙofar kicin sannan yace eh. Nace me kaci jiya da daddare? Ya sake kallon ƙofar, sannan ya jero min kaza, dankali, koren wake, madara kofi ɗaya, a tsare babu ko tuntuɓe kamar yaro yana biya allonsa gaban malam. Nace to burodin safa fa? Ya sunkuyar da kai yace shi ne ba ya jin magana. Ɗan shekara 8 yana faɗin haka a kan kansa. Duk hirar bata kai minti goma ba, kuma hannayensa na ƙarƙashin cinyoyinsa har muka gama.

Da ta fito ta kawo min bayanin da ni kaina aka koya min a aji, cewa yaran da suka taɓa shan yunwa a gidan iyayensu suna ɓoye abinci ko da an cika musu ciki, suna yin haka shekara da shekaru. Kuma gaskiya ne wallahi, na ga yara da yawa haka a gidajen da ake sonsu kamar rai. Abin da ya cuce ni kenan, ta bani amsar da take daidai a littafi, ni kuma na karɓa da hannu biyu dan ta sauƙaƙa min.

Amma ramukan sun hana ni barci, washegari na shiga wajen ogata na faɗa mata. Ina iya tuna yadda ko kai bata ɗago daga kwamfuta ba. Tace kin ga sakata? Nace a'a ramuka na gani. Tace to rami ba sakata bane, kuma maganar ƙofa tana cikin ƙarar da aka baki? Nace bata ciki. Tace kin san yara nawa suka kwana a ɗakin taro na ƙasa makon jiya saboda babu gado? Kin san in matar nan taji haushi ta mayar mana da lasisi gado huɗu muka rasa? Ki rufe fayil ɗin nan, kina da wasu talatin suna jiranki. Ban musa ba. Na koma na rubuta rahoto shafi uku, na lissafa abin da ke firij har da yawan kwalin madara, na rubuta yaro yace yana ƙoshi, na sa ba a tabbatar da ƙorafi ba, na sa hannu, ta sa hannu. Maganar ramuka ko kalma ɗaya ban saka ba, dan a raina nace abin da ban tabbatar ba bai kamata in ɓata wa mutane suna da shi a takarda ba.

Wata bakwai bayan nan aka kai wata yarinya 'yar shekara 14 gidan, kwana tara tayi ta ari wayar ƙawarta a makaranta ta shigo da ita a ɓoye ta ɗauki hoto da daddare. Sakata ce ta ƙarfe, a daidai wurin nan. Mijin ke ɗaura ta da sukudireba, in mai kes ɗin yaron, wato ma'aikaciyar da ke bibiyar lamarinsa, zata zo ziyarar wata-wata sai ya kwance ya cike ramukan, tunda ita ma kamar ni sai ta kira take zuwa. Daga ƙarfe shida na yamma ake rufe yaron sai safiya, da bokiti a lungu, in kuma sun ce yayi laifi babu abincin dare. Da likita ya auna shi aka ɗauko awon shekarar da ta gabata, yaron da ya kamata ya ƙaru sai ga shi ya ragu. An cire yaran a daren, an soke lasisi, magana taje kotu.

Sai aka zauna bitar yadda akayi ofis bai gano ba, fayil ɗina ne a saman tebur. Nace na ga ramuka kuma na faɗa wa ogata. Ta kalle ni a gaban mutum biyar tace ita bata tuna anyi wannan maganar ba, kuma da an faɗa mata da bata bari an rufe ba, ta buɗe rahotona tace ku duba ko akwai. Babu. Ni aka ba takardar gargaɗi aka sa a fayil ɗina na aiki, ita kuma shekara bata zagayo ba aka ƙara mata girma. Na yafe abubuwa da yawa a ofishin nan amma wannan har yau yana nan a maƙoshina, bana jin zan iya cewa ya wuce. Sai dai ko da ta faɗi gaskiya a ranar ba zai canza cewa ni na tsaya a barandar ba, yatsana ne ya taɓa wurin, ita ko gidan bata shiga ba.

Abin da yafi ci min rai shi ne duk ofishin nan babu wanda ya kamata ya gane yaron nan kamar ni. Ni 'yar riƙo ce. Ina shekara 7 aka kai ni Funtuwa wajen gwaggona da bata samu haihuwa ba, Allah ya jiƙanta, ta so ni iya yadda ta iya, amma nayi fitsarin kwance, mijinta yace ba zan ƙara kwana a ɗaki ba, kusan shekara guda a sito nake kwana kan buhu tsakanin masara da galan ɗin manja. Baba yakan zo daga Kano duk ƙarshen wata, a shimfiɗa masa tabarma, gwaggo na gefe tana fifita masa fura, yace Uwata lafiya dai kike zaune ko? In ce lafiya lau Baba. Idona na kan ƙafar gwaggo nake faɗa. Ba wanda ya taɓa ce min kar in faɗa, ba sai an ce ba, kowane ɗan riƙo ya san baƙo tafiya zai yi shi kuma a nan zai kwana. Wanda ya gano kawuna ne, yazo wucewa ya aike ni sayen goro sai ya biyo ni, muna tafe yana kallon gabansa ba ya kallona yace ke a wane ɗaki kike kwana ne? Ban san lokacin da na faɗa ba. Bai ce wa kowa komai ba, sati biyu aka zo aka ce in zo hutu Kano, hutun da ban koma ba kenan.

Kawu bai yi boko ba ya san a fitar da yaro daga gida, a jera da shi, a tambaye shi abu ƙarami da yake da amsa. Ni da digirina biyu na zaunar da yaro taku biyar daga matar da yake tsoro nace kana ƙoshi. Daren da aka bani takardar gargaɗin na kira Umma ina kuka, ta saurare ni har na gama tace ai labarin zuciya fuska ake tambaya, ke kin manta ne dan kin daɗe da ƙoshi. Bata faɗa dan ta ƙona min rai ba amma maganar ta zauna.

Daga nan na sauya, sai dai farkon sauyin ma wani kuskuren ne. Na zama mai zafi, duk gidan da na shiga laifi nake nema, kuma wa zafin ya faɗa wa? Dangi. Domin gidajen bare sun san fom ɗinmu kamar tafin hannunsu, sun yi bita, suna da ɗakuna, kaka kuwa da aka buga mata waya tsakar dare aka ce ga jikokinki uku ko ki karɓa ko a raba su gidaje, ita ina ta ga lokacin sayen akwatin kulle magani. Kusan ɗaya cikin uku na yaran riƙo a ƙasar nan hannun dangi suke, amma ƙa'idojin da muke auna su da su an rubuta su ne da baƙo a rai, faɗin ɗaki kaza, gado kaza, taga kaza. Akwai wata tsohuwa da maƙwabci ya kai ƙara wai akwai namiji yana kwana a gidan da ba ya cikin takarda. Naje ba sanarwa na same shi, ɗanta ne, kawun yaran, yana kwana kan kujerar falo tunda ya rasa aiki, kuma yana da tsohon laifin ƙwaya na shekara tara baya. Tun dokar tarayya mai suna Adam Walsh ta 2006 ake ɗaukar hoton yatsun mai riƙo ana kuma duba sunan duk baligin gidan a rajistar masu cin zarafin yara, a jiharmu ma kowa sai ya bada yatsa, dan haka a takarda ta karya ƙa'ida babu ja. Har na fara rubuta shawarar a ɗauke yaran. Abin da ya tsayar da ni ƙaramar ce, 'yar shekara 4, duk zaman da nayi tana kan wuyan kawun tana ja masa kunne tana dariya, babban kuma da na raka shi tashar bas ɗin makaranta na tambaye shi wa ke dafa musu abinci, yace kawu, kaka ƙafarta na ciwo. Tsohuwar tace min 'yata ina zan kori ɗana ya tafi, kuma in ya tafi wa zai hau min bene da kayan wanki?

Na yaga abin da na rubuta. Na ɗauki kawun a motar ofis na kai shi aka ɗauki yatsunsa, laifin nasa ya wuce shekara biyar ɗin da doka ta gindaya wa laifin ƙwaya, aka shigar da shi takarda. Maganar ƙarancin ɗaki kuma na nemo mata sassauci, dan dokar tarayya ta 2008, wadda ta wajabta a nemi dangi a sanar da su cikin kwana 30 da cire yaro, ita ce kuma ta bada dama a ɗaga wa dangi ƙafa a kan duk ƙa'idar da bata shafi tsaron lafiyar yaro ba, gida-gida. Da yawa cikin abokan aikina basa neman wannan sassaucin saboda takardunsa na da yawa. Kuma lasisin nan ba ado bane, kuɗi ne, tun 1979 kotun ƙolin Amurka ta yanke a shari'ar Miller da Youakim daga jihar Ilinoi cewa ɗan uwa da ya cika sharuɗɗan lasisi a biya shi daidai da bare, wanda bai samu ba kuwa sai dai ɗan tallafin da bai taka kara ya karya ba, kenan in ka hana kaka lasisi saboda faɗin ɗaki ka rage wa jikokin abinci ne da hannunka. Sai a Satumban 2023 gwamnatin tarayya ta fitar da ƙa'idar da ta yarda jihohi su yi wa dangi nasu ma'aunin daban, abin da muka shekara muna roƙo. Yaran nan uku suna hannun kakarsu har yau, babban ya shiga sakandare, takan aiko min da gaisuwa ta hannun mai kes ɗinsu. Amma kar wani yaji wannan yace naka sai naka, dangi ba sa cuta. Ni a siton gwaggona na kwana, kuma na soke lasisin dangi fiye da sau ɗaya ban yi nadama ba.

Sauran kuwa ƙanwata gajeru ne. Kar ki kira kafin kije in dai doka ta baki dama, kuma kije lokacin cin abincin dare ko da sassafe ana shirin makaranta. Yaro ki fara ganinsa a makaranta kafin mariƙiya ta san an kawo ƙara. Ki nemi awon nauyinsa wajen likita na shekara biyu baya, takarda ɗaya ce, da na nema a 2017 da magana ta ƙare a makon. Duk abin da idonki ya gani ki rubuta shi yadda yake ko baki san ma'anarsa ba, ramuka huɗu a waje kaza tsayi kaza, ki ɗauki hoto. Duk maganar da kika yi da oga a baki ki koma teburinki ki tura mata imel kice kamar yadda muka tattauna ɗazu, ki ajiye kwafi, ko da kina ganin mutuniyar kirki ce. Ƙarar da uwar yaro ta kawo kar ki watsar dan ance haushi take ji an ƙwace mata ɗa, sau da yawa haushin ne, amma ita ce ke cire masa riga ta duba bayansa ranar ziyara. Baƙin tabon da jariranmu baƙaƙe ke zuwa da shi a gadon baya da ɗuwawu na haihuwa ne, na sha hana a rubuta shi a matsayin shaidar duka. 'Yan uwanmu 'yan Afirka da suka karɓi riƙo ki gaya musu tun ranar farko da harshen da za su gane cewa ɗan riƙo a nan ko ɗan marin wasa ba a yi masa, kar su ji daga bakin mai bincike. Gidan da kowa ke yabo kuma ki ƙara masa rabin awa.

Da nake kwashe durowata ranar Juma'a na ci karo da kwafin takardar gargaɗin, na ninke na sa a jaka na taho da ita gida tare da 'yar tocilan da nake haska gefen ƙofofi da ita tun daga wancan lokacin, gida ɗari nawa ban san adadi ba, sau biyu kuma na samu abin da nake nema. Yaron bana ya cika shekara 15. Duk shekarun nan sunansa na cikin kwamfutar da ke gabana, amma doka ta hana ma'aikaci buɗe fayil ɗin da ba nasa ba, ban kuma taɓa buɗewa ba. Abin da na sani kawai shi ne wanda mai kes ɗinsa ta faɗa min a bakin lifta wajen shekara biyu bayan abin, cewa an samo wata innarsa a wata jiha ta karɓe shi, kuma da aka kai shi abu na farko da ya roƙa shi ne a cire ƙyauren ɗakinsa gaba ɗaya, innar ta sa aka cire aka jingine shi a gareji.